Wufa Biyu da Auren Miriyam

Litinin, 21 Afirilu 2025

Na sayo wufa biyu, manyan lasifikokin nan masu bugu, da amfilifaya mai ƙara musu ƙarfi, wajen Nuru a kasuwar Kafanchan. Asabar ne auren ƙanwata Miriyam a Godogodo, kuma na riga na cika baki gaban dangin ango cewa motata ce za ta ja ayari daga coci, da kiɗa har ƙasa ta girgiza. Kullum bakina ke jawo mini.

Talata, 22 Afirilu

Fiyus biyu sun ƙone. Wayar da na ja daga batir ta yi siriri, ta ɗau zafi har roba ta fara wari. Na koma na sayo mai kauri.

Baba ya jawo kujera kusa da but ɗin motar yana kallona kamar mai tsaron jarrabawa. Shekara talatin ya yi yana gyaran wuta a reluwe, na sani. Amma kunnensa ya tafi shekara uku ke nan. Me zai gane a harkar kiɗa?

Laraba, 23 Afirilu

Amfilifaya ya kama, bayan na kankare fenti a inda na ɗaure baƙar waya a jikin mota. Sai wani sabon ciwon kai. In na jona wufa ɗaya, akwai bugu. In na jona biyun, bugun ya gudu, sai ka ce ƙaramar rediyo. Na ƙure sauti, banza. Raina ya ɓaci sosai.

Alhamis, 24 Afirilu

Baba ya ce, "Leonard, bari in taɓa abin nan." Na ce masa, da ƙarfi kuma gaban Mama, "Baba, wannan aikin masu ji ne." Bakina ya kalla, ya gane. Ya ɗauki kujerarsa ya shige ɗaki.

Bai ci tuwo ba. Ni ma ban gama nawa ba.

Juma'a, 25 Afirilu

Na fito da safe da niyyar cire wufa ɗaya in haƙura, sai na tarar da Baba a but da batirin tocila. Yana taɓa wayoyin kowace wufa da shi. Bai kalle ni ba, hannuna kawai ya kama ya ɗora a kan wufofin. Ɗaya ta turo waje, ɗayar ta shige ciki.

Ya ce, "Wannan tana turawa, wannan tana ja. Faɗa suke yi."

Ashe a wufa ɗaya na saka jar waya a gurbin baƙa. Minti biyu ya ɗauke shi ya juya. Na kunna, gilashin baya ya hau rawa. Ban ba shi haƙuri ba. "To" kawai na iya cewa.

Lahadi, 27 Afirilu

An yi aure jiya. Baba ya ƙi zama gaba a motata, ya zauna baya ya jingina sosai da kujera. Da na saka waƙar coci, sai ya shimfiɗa tafinsa a kan kujerar, can kuma na ji babbar muryar nan tasa tana bin bugun daidai. Shi da ya bar kwaya, ƙungiyar mawaƙan coci, tun da kunnen ya tafi.

Na rage gudu. Rufus, babban abokin ango, ya wuce ni yana hon, sauran motoci suka bi shi. Mu ne na ƙarshe, har shinkafa ta ƙare. Miriyam tana fushi, na ce mata hanya ce ba kyau.

Gobe zan kai shi Fadan Kaje mu dawo. Ba wani abu ba ne, wayoyin ne nake so in ƙara gwadawa.