Kunnuwan Baba a Dandali

Zuwa ga ƙanena Zotikos,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a can Antakiya, kai da iyalinka. Mu nan Afrodisiya muna lafiya, sai ƙafar Inna da ke matsa mata. Duk da haka ita ke tsaye a kan matsar zaitun, ba ta yarda da hannun kowa ba.

Na ga saƙonka, wai in kama bakina kada in jawo maka asarar kujera. To bari ka ji, tunda ba a gabanka aka yi ba. Sabon gwamna yana son Kaisar ya san da zamansa, sai ya ce zai kafa masa mutum-mutumi, amma rowa ta hana shi sayen sabon dutse. Sai ya yi yadda suka saba, ya zaga dandali ya zaɓi na marigayi Baba, wanda mutanen gari suka kafa saboda ruwan da ya jawo musu. Aka juya gindin, sunan Baba ya koma yana kallon bango, aka zana sunan gwamna da kirarinsa a gaba. Na je har gabansa na ce wannan cin amana ne. Ya yi dariya, wai in gode, tsohona ya samu ƙarin girma. Ranar na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Marinos masassaƙi aka ba aikin mayar da fuskar ta Kaisar. Ya kankare gemu, ya rage hanci, ya fitar da kambi. Amma ya ce kunne in aka taɓa shi karyewa yake yi. Fuska ta ƙanƙance, kunnuwan Baba suka tsaya fatan-fatan, har da na hagun nan da kokawa ta lanƙwasa. Ranar da aka yaye mayafi, gwamna ya rusuna har ƙasa. Kirila mai kifi ta ɗaga murya ta ce ashe tsoho bai mutu ba, sarauta ya je karɓowa. Dariya ta ɓarke har cikin sojoji.

Yanzu kullum da safe nakan kai wa Baba furanni a dandali, in gaishe shi da sunansa, da ƙarfi. Ba zan daina ba, Zotikos, ko don kujerarka. An aiko daga wurin gwamna a ja mini kunne, na ce su faɗa wa mai gidansu, in abin ya dame shi, ya sa a yanke wa Kaisar kunnuwa mu gani. Har yau guduma ba ta zo ba.

Ka gaida Melitina da yara, da Kawu Filaretos. Inna ta ce ka zo ka gaida mahaifinka, yana nan inda ka bar shi.

Yayarka,
Makariya