Daddoyar Inna da Maganin Suga

Zuwa ga Malama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙaramin asibitin yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki, na rubuto ne a kan mahaifiyata, Inna Rakiya ta Dudunni, wadda ke karɓar maganin ciwon suga a wurinku.

Na farko, Inna da daddoya ta rene mu. Tana nan shuke a bayan ɗakinta. In mura ta kama mu ta yi mana sirace da ita, in ciki ya murɗa ta dafa mana ganyen, kuma har Kankia ta biyo ni da ita lokacin da nake jego. Ba ta taɓa ɗaukarta abin ɓoyo ba.

Na biyu, a damunar bara da bakinta ta gaya wa wani ma'aikacinku tana shan ruwan daddoya safe da yamma. Bai tambaye ta yawan da take sha ba. Dariya ya yi, ya ce a gaban mata wai tsofaffi su ke kashe kansu da ganyaye. Inna ta dawo jiki a sanyaye. Ta ci gaba da haɗawa da maganinku, sai dai ta bar faɗa.

Na uku, lokacin roron wake ta fita ba ta karya ba, ta yanke jiki ta faɗi a gona, gumi ya jiƙa ta. Likitan da ya duba ta ya ce suganta ne ya sauka ƙwarai, kuma mai yiwuwa haɗin ya ƙara. Ya zauna ya yi mata bayani a tsanake, ta yarda ta bar daddoya a miya kawai. Bayanin da ya kamata ta samu ke nan tun ranar da ta faɗa muku.

Malama, ban nemi a hukunta kowa ba, na san yawan jama'ar da kuke fama da su. Roƙona ku riƙa tambayar iyayenmu abin da suke sha a gida, ku saurara, ku gaya wa masu suga da masu ciki da uwayen jarirai inda ya kamata su yi hattara.

Inna ta warware. Ranar karɓar magani ni zan rako ta, don ta ce kunyar shigowa ita kaɗai take ji. Don Allah a tarbe ta da sakin fuska.

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku.

Wassalam.

Hadiza, ɗiyar Inna Rakiya