Wa Ya Ɗauke Fom Ɗin Mai Sarewa?

Malam, don Allah ka taimake ni. Kwana goma sha ɗaya suka rage mini a rufe karɓar takardun neman kwaleji, kuma na rasa gane ko da 'yar'uwa nake zaune a ɗaki ɗaya, ko da mai yi mini zagon ƙasa.

Ni mai busa sarewa ce tun ina aji biyu a sakandare. Bana na nemi gurbi a sashen kiɗa na kwalejoji huɗu, kowace da nata fi'ili. Wannan tana son bidiyon minti biyar, waccan sai na je na busa a gabansu, wata kuma ta ce in rubuta shafi biyu kan dalilin da ya sa nake son kiɗa, sai ka ce wadda ake tuhuma. Wadda na fi so ta aiko da fom mai hatimi wanda malamin da ke koya mini zai cike ya sa hannu. Guda ɗaya suke bayarwa, kuma ba sa karɓar hotonsa.

Kada ka ɗauka ba ni da tsari. Takardun kowace kwaleji ina cusa su cikin littafin kiɗan da zan busa mata, in na buɗe don atisaye sai in ga abin da ya rage. Ranakun rufewa kuwa a bayan duk takardar da hannuna ya kai nake rubuta su, ina da tarinsu a gefen tebur. Haka nake tun can, kuma ban taɓa ɓatar da komai ba. To, ban da sau biyu.

Yanzu fom ɗin ya yi ɓatan dabo. Na zazzage littattafai, na ɗaga katifa, har gidan sarewar na leƙa.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun farko ba ta son wannan karatun. Ta sha gaya wa Mama wai busa ba sana'a ba ce, ɓarnar numfashi ce. Ranar hutunta ta gyara ɗaki, ta jera littattafaina bisa tsawo kamar kwalaben magani. Washegari na nemi fom na rasa. Da na tambaye ta sai ta ce ita ba ta taɓa takardar kowa ba, amma ko kai ba ta ɗago daga gugar rigar aikinta ba. Bayan kwana biyu na tsinci takardar shiga makarantar jinya a kan matashina, ta ce wai faɗowa ta yi daga jakarta. Malam, gadona ne na sama.

Yanzu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Wannan wasiƙar ma da hannu na rubuta, na kawo ofishin jaridarku da ƙafata, saboda Yaya ta san lambar buɗe wayata. In kai ƙara wajen Baba ne, ko in bincike akwatinta in ta fita aiki? Malamina kullum sai ya tambaya, kunya ta hana ni gaya masa.

Mai Sarewa

*

'Yata Mai Sarewa,

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma a karon farko saura kaɗan in bi bayanki. Na ƙarar da ƙuruciyata a karatun labaran masu binciken laifi, kuma a cikinsu duk wanda ake yi wa tambaya ya ci gaba da guga, to a ƙarshe shi ake sa wa ankwa. Labarin takardar da ta faɗo ta hau gadon sama kuwa, ni ma bai shige ni ba. Yayarki ce ta ajiye ta. Tana so ki yi jinya, kuma ba a ɓoye take so ba, a gaban kowa take faɗa. Ina jin tsoro ne ke sa ta, don ta ɗanɗana wahalar neman aiki, ke ba ki ɗanɗana ba tukuna. Amma mai son ki sake shawara daban, mai satar takarda daban.

A karatu na biyu na ɗaga shafinki na ƙarshe wajen taga, saboda idona ya fara tsufa, sai na hango wani abu shuɗi ta baya. Na juya. Hatimi ne, da sunan wata kwaleji, da layuka goma sha biyu babu komai a kansu, da wurin da malami zai sa hannu. Kin ɗaga katifa, amma ba ki juya tarin takardun nan na gefen tebur ba. Kin rubuto ƙarar ɓarawo a bayan kayan satar, sannan kika kawo mini da ƙafarki.

Ba ki bar lamba ba, shi ya sa na tsallake wasiƙu bakwai na sako taki. Fom ɗin yana wajen mai karɓar baƙi a ofishinmu. Ki zo yau. Ki buga wa kwalejin waya, ki gaya musu gaskiya, ki tambaya ko za su ba da wani ko za su karɓi wannan da tarihin gidanku a bayansa. Malaminki ma ki gaya masa. Dariya zai yi, ya ga waɗanda suka fi ki.

Sannan ki fitar da takardu daga littattafan kiɗa. Kowace kwaleji ki yi mata jakarta ta roba, da suna a jiki. Ranakun duka su hau takarda ɗaya a bango, inda ido zai faɗa musu da safe. Kowane bidiyo ki sa masa sunan inda za shi. Ki kuma sayi littafin rubutu, ki bar bayan takardu su huta.

Baba kuwa a bar shi ya sha iska, akwati ma a bar shi a rufe. Ki ba Yaya haƙuri, da baki, ba a rubuce ba. In ta sauko, ki roƙe ta ta riƙe miki takardar bango. Matar da ke kula da lokacin maganin marasa lafiya talatin ba ranaku huɗu ne za su gagare ta ba, kuma da wuya mutum ya ci gaba da kushe abin da yake taya ki ƙirga kwanakinsa.

Allah ya ba ki gurbin da kike so, ya daidaita ki da 'yar'uwarki. In za ki rubuto godiya, ki fara duba bayan takardar.