Majanyin da na ɗinka wa ɗana

Assalamu alaikum, masu kula da wannan shafi da masu karatu. Ina roƙon a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, don na riga na yanke wa kaina wanda ya fi naku zafi.

Ina aure a Bodinga, mijina tela ne a kasuwa. Muna da tagwaye, Hassan da Husaina, shekarunsu huɗu. Na yi karatun koyar da ƙananan yara, kuma tun a aji wata tambaya ta zauna mini a rai: da yarinya take ɗaukar 'yartsana yaro yake jan mota, da shi aka haife su, ko mu ne muke miƙa musu? A gidanmu abin da aka saya wa ɗan tagwai sai an saya wa ɗan'uwansa, amma kullum ita 'yartsana, shi mota. Ran nan sai na sayo kowanne biyu-biyu, na jera a gindin darbejiya, na koma bakin ƙofa ina kallo. Hassan ya ruga ya ɗauki mota, har na ce a raina to, halitta ce. Can sai ya dawo ya ɗauki 'yartsanar, ya kwantar da ita a motar, wai ba ta da lafiya zai kai ta asibiti. Bayan kwana biyu ya zo ya juya mini baya, ya ce in goya masa ita. Me ya sa ban yi dariya na kore shi ba? Yadda yake jijjiga ta yana bubbuga bayansa, kaina na gani. Na ɗebi ƙyallayen da babansu ke kawowa daga shago, na zauna na ɗinka masa ɗan majanyi da hannu, har da ado a gefe.

Wata Laraba babansu ya dawo da wuri, ya tarar da shi a tsakar gida da goyo. Bai daka tsawa ba. Ya kwance majanyin a hankali, ya juya shi yana duba ɗinkin, ya ce, "Maman Biyu, wa ya yi mai wanga abu?" Kafin in buɗe baki ya ƙara da cewa, "In cikin gidan ga anka koya mai, gobe in kai shi Horo Birni wurin Yaya, ya tashi cikin maza da shanu." Wallahi ban san lokacin da na ce, "Inna ce ta ɗinka mai, da muka je Dingyadi" ba. Inna mahaifiyata ce, a can take zaune. Ita da kullum take korar Hassan daga gindin murhu tana ce masa, "Tashi, mijina, nan ba wurinka ba ne."

Tun ranar babansu ya hana yaran zuwa Dingyadi. Wata uku ke nan. Inna tana aiko musu da ƙuli-ƙuli, ƙulli biyu daidai wa daida. Ta kira ni ta ce, "Ɗiyata, mi na yi ma angona da kishiyata sunka yi yaji? Ko miyata ta ishe su?" Tana dariya, ni ina cizon bakin mayafi. Na ce mata mura suke yi. Wace irin mura ce ta wata uku?

Shi kuwa Hassan bai daina ba. An ƙwace 'yartsanar, sai ya samo totuwar masara, yana cusa ta a bayan rigarsa idan ya ga ba kowa. Da rana kuma ga shi can yana kokawa da yaran unguwa, ya dawo da gwiwa a kuje. Har yau ban samu amsar tambayata ba, na dai jawo wa tsohuwa laifin da ba ta san da shi ba.

Jiya babansu ya ce ranar Juma'a zai je gaida Inna, ya yi mata magana cikin ladabi don a wuce wurin, yara su koma zuwa. Na ga ya ciro majanyin daga aljihun keken ɗinkinsa na gida ya sa a aljihun rigarsa. Abin da bai sani ba, hannun Inna rawa yake yi, ta fi shekara biyar ba ta zura zare a allura ba. Na san halinta: za ta dubi ɗinkin ta gane hannuna, don ita ta koya mini, kuma za ta iya cewa eh, ita ce, don ta rufa mini asiri.

In na faɗi gaskiya, ina tsoron a raba Hassan da ni da 'yar'uwarsa. In na yi shiru, uwata za ta sunkuyar da kai gaban surukinta saboda ni. Saura kwana uku, jama'a. Me zan yi?