Ƙofar da Ta Kalli Arewa

Lahadi, 7 ga Afrilu

Baba ya yarda! Tun da ya zame a kan ƙanƙara ya karya ƙugu likita ke cewa zaman gona shi kaɗai ya ƙare: ko wurina, ko gidan kula da tsofaffi, kafin sanyi ya dawo. Na ce ga ɗaki a cikin gidanmu, ya ce shi ba zai mutu a ƙarƙashin rufin suruki ba. Mijina Kalervo yana tsaye a wurin fa, riƙe da lemon da ya kawo masa dubiya. Yau dai daga gadon asibiti ya ce, "In za ki ɗauko mini ɗakina na bakin tafki, sai in zo." Wato ɗan ɗakin gumagumai da ya sassaƙa da gatarinsa tun kafin a haife ni. Ya ɗauka ya ba ni aikin da ya fi ƙarfina. Bai san wadda ya haifa ba.

Laraba, 24 ga Afrilu

Ofishin gine-gine na ƙaramar hukuma. Jami'ar wata yarinya ce mai fara'a, ta shimfiɗa taswirar filinmu tana aunawa. Kada ɗakin ya matso gidanmu saboda gobara, kada ya matsa wa maƙwabci. Wuri ɗaya ne ya rage, kudu da tagar kicin ɗina, kusa da shingen maƙwabcinmu Aulis. Ta ce in bangon da ke kallon Aulis yana da ƙofa ko taga, sai ya sa hannu ya yarda. In bango ne kurum, babu ruwansa.

Faɗuwa ta zo daidai da zama! Ƙofa da taga duk a bango ɗaya suke, sai su kalli kicin ɗina. Ina wanke-wanke ina ganin shigarsa da fitarsa. In ya yi tuntuɓe, kafin ya kai ƙasa na iso.

Juma'a, 10 ga Mayu

Izini ya fito! Na yi rawa da ludayi a hannu, Kalervo ya ce in tausaya wa daɓen.

Talata, 4 ga Yuni

Mun warware ɗakin daga rufi zuwa ƙasa, ana yi wa kowane gungume alama don ya koma gurbinsa. Gansakukar da Baba ya cusa a tsakaninsu don toshe iska ta bushe ƙayau, amma ƙamshin nan yana nan, na tsaya ina shaƙa kamar sakarya. Bangon ƙofa rana ta gasa shi ya yi duhu kamar ɓawon burodi, na baya kuma fari-fari, ruwan toka.

Kalervo ya shafa mai duhun ya ce, "Tellervo, wannan bangon ya saba da rana. Arewa za ki kai shi, inda rana ba ta leƙawa?"

Na ce doka ce.

"Kin tambayi Aulis?"

Na ce Aulis da ko gaisuwa sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya amsa? Ya ci gaba da lodi. Shirun Kalervo ya fi surutun wani ban haushi.

Asabar, 29 ga Yuni

Gayya! Rabin ƙauye ya zo. Na dafa miyar wake a tukunyar biki, kofi kuwa ban san butoci nawa ba. Gumagumai suna hawa ɗaya kan ɗaya suna zama daram, kamar sun gane juna. Ni ce mai cusa sabuwar gansakuka, ni ce mai ba da umarnin da ba wanda ya nema. Da aka ɗora gungumen ƙarshe na rufi aka yi shewa, na ji hawaye, na ce hayaƙi ne. Na lura wasu tsofaffi suna duban ƙofar suna duban juna, amma wanda ya ci miyata ba ya kushe mini gini. Aulis yana bayan shingensa, hannu a aljihu, yana kallo.

Alhamis, 18 ga Yuli

Murhu ya zauna, labule ya hau. Jami'ar ta zo ta zagaya ta ce komai bisa ƙa'ida. Na gwada daga kicin, har kujerarsa ina hangowa. Daɗi kamar ya kashe ni.

Asabar, 3 ga Agusta

Mun ɗauko Baba ya ga ɗakinsa. Na yi kwalliya kamar mai zuwa coci.

Ya sauko da sandarsa a hankali. Idonsa ya yi rauni, don haka da hannu ya duba, ya bi kusurwa yana shafa sassaƙarsa, har ya ɗan yi murmushi. Sai ya zauna a dokin ƙofa, inda ya saba zama shekara da shekaru, ya ɗaga fuska sama yana jira. Tsakar rana ce, amma inuwa ce a kansa. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "Ke 'yar nan, ina rana?"

Na ce tana bayan ɗaki, Baba, doka ce ta...

"Ƙofar da ke kallon arewa ta ramin ajiyar dankali ce. Ni dankali ne, da za ki adana ni kada in ruɓe?"

Kalervo ya yi tari ya juya baya, na san dariya ce. Baba ya miƙe ya ce masa, "Suruki, mayar da ni. A rubuta sunana a gidan tsofaffin, can aƙalla an san ajiya ce."

Zuciyata ta karye. Ko kofin da na zuba masa bai taɓa ba.

Litinin, 5 ga Agusta

Duk wahalar nan, a ce dankali.

Alhamis, 8 ga Agusta

Asibiti sun kira, da gaske ya sa an rubuta shi a gidan tsofaffi. Na tsaya a tagar kicin ina kallon ƙofar nan tawa mai kyau, ba kowa a ciki. To, ba doka ba ce. Ni ce. Na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita wa Kalervo ba.

Lahadi, 11 ga Agusta

Na gasa burodi na tafi wurin Aulis da takardar. Na yi ta zuba bayani, yana kallon takalminsa. Da na gama ya ce, "Ai na zaci tun bazara za ki zo." Ya ɗora takardar a kan murfin motarsa ya sa hannu. Har na juya ya ƙara da cewa, "Na gaji da kallon ƙeyar ɗaki." Rabon da in ji magana mai tsawon haka daga bakinsa tun bikin 'yarsa.

Asabar, 14 ga Satumba

Jami'ar ta gyara takarda, ta ce ba ta taɓa ba da izinin juya ɗaki ba. Gayya ta biyu, miyar wake ta biyu, tsiya kuwa na sha ta har na ƙoshi. Wani ya ce, "Tellervo, in an gama a juya miki naki gidan ma?" Ba a warware ɗakin ba, ɗaga shi aka yi da jak irin na ɗaga mota, aka zura masa gumagumai a ƙasa, maza suka sa kafaɗa. Na rufe ido don tsoro, na buɗe don kada a yi ba ni. Yana ƙara yana juyawa kaɗan-kaɗan, har baƙin bangon ya shiga rana. Aulis ne a kusurwar da ta fi nauyi. Na yi ihu har muryata ta dushe!

Laraba, 2 ga Oktoba

Baba ya tare. Ya zauna a dokin ƙofa, rana ta sauka a fuskarsa, ya ce, "Kofi." Godiyar ke nan, kuma ta ishe ni.

Daga kicin bangon baya kawai nake gani. Sai hayaƙin murhu da safe, shi nake tsare da ido. Yau hayaƙin ya makara, na fita a guje da silifas, na tarar da shi da Aulis, kowa a gefensa na shinge, suna shan rana. Baba ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Ban ruɓe ba tukuna."

Talata, 22 ga Oktoba

Sanyi ya fara cizo. Na kwaɓa burodi, na yi waya da ƙawata, na yi faɗa da Kalervo a kan takalmansa masu laka. Sai wajen sha ɗaya na tuna ban duba hayaƙin ba. Na ɗaga labule rabi, sai na sake shi. Burodin ne zai ƙone, shi ya sa.