Agogon da Ya Gina Mini Bene a Diffa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera agogon da ke ɗaure a hannuna na hagu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da iyali da ma'aikata. Sunana Hajiya Rabi, a Diffa nake, ina noman tattasai a bakin kogin Komadugu tun maigidana yana raye. Ban san garinku ba, amma na tabbata ku ma ba ku taɓa taka namu ba.

Kakar bara jiri ya ɗebe ni a kan tsani, zan hau rufin soro shanya tattasai. Allah ya tsare, kafaɗa ce kawai ta goce. Ɗana Mamman, da ke aiki a Damagaram, ya sa na yi masa alkawarin ni da tsani har abada. Sannan ya ɗaura mini agogonku mai ƙirga hawan bene, ya haɗa shi da salularsa. Ko juyi na yi, can ake fara sani.

Na farko, ku gafarce ni, agogonku yana ƙarya. Ranar da hadari ya taso daga gabas, ina kan tabarma ina tsintar shinkafa, Mamman ya kira, ko gaisuwa bai ƙarasa ba, wai na hau bene hawa tara. A Diffa! Abin da ya fi tsawo a unguwarmu bishiyar dogon yaro ta ƙofar masallaci ce, ita ma ban hau ba. A lissafin Mamman, rufi nake ta hawa duba yoyo. Na rantse masa, ya ce na'ura ba ta ƙarya. Ni da na haife shi ce mai ƙaryar ke nan. Wannan maganar ta yi mini ciwo fiye da kafaɗar.

Na biyu, inda nake hawa da gaske ba ya gani. Kullum sai na gangara gona, na hauro gaɓar kogi da kwano a ka, hannu a sama, ina haki. Agogonku ko uffan. Wai sai mutum yana kaɗa hannu kamar soja zai yarda tafiya yake yi.

Na uku, na kai shi wurin mai gyaran salula a kasuwa. Ya nuna mini wata 'yar huda a gefensa, ya ce ta nan yake auna nauyin iska. In mutum ya hau sama iska takan rage nauyi, in hadari ya haɗu ma haka, shi kuwa agogon bai san bambanci ba. Ya ce gumi da garin tattasai ma suna toshe hudar su ruɗa shi. Na bi duk abin da ya ce: na goge ta da buroshi mai taushi, na ɗauraye, na kashe na kunna, na janye awarwaro daga kanta. Agogon ya ɗan natsu. Da hadari ya dawo ina shara, muka sake hawa huɗu.

Yanzu Mamman ya yanke hukunci. An ba maƙwabta tsanina, shi kuma yana tafe ƙarshen wata ya ɗauke ni zuwa Damagaram, a bar wa wasu gonar. Tattasaina ya fara fure. A gonar nan na yi rabin rayuwata, kuma ba na son barinta.

Don haka ina roƙo. Ku koya wa agogonku sanin hadari, ko yaran garinmu sun san shi tun daga nesa. Ku sa wurin da mutum zai goge benen da bai hau ba. Mafi gaggawa, ku rubuta wa Mamman cewa kayanku yakan yi kuskure, tunda maganarku ya fi ji.

In kun yi shiru, ga abin da kuka jawo. Mamman a gidan bene yake haya, hawa na uku, kuma famfonsu a ƙasa yake. Can za a kai ni don kada in hau sama. Ranar ce agogonku zai fara faɗin gaskiya.

Allah ya ƙara muku basira, ya ba ku 'ya'ya masu yarda da rantsuwarku.

Wassalam.

Hajiya Rabi mai tattasai, Diffa.