Lambar da Ta Rage a Allo

Akokan, farkon watan Rajab

Zuwa ga aminina Muktari,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zafin Yamai, yaya Zakiyya da yara? Ni ma lafiya lau, sai kewa. Na rubuto da hannu na ba direban mota ne, don in a waya ne ba za ka bar ni in kai ƙarshen magana ba. Tun muna aiki a ramin haƙar ma'adinai ka fi ni baki.

Na karanta saƙon kamfanin nan na waje da ka samo mana. Suna son wasanmu na waya, amma sai baɗi za su zauna da mu, kuma sharaɗinsu kada ya shiga wayar kowa kafin nan. Ka ce su za su kai shi duniya, ban musa ba. Kai ka zana kowace fuska a cikinsa, ni na haɗa shi a tsohon ordinatar nan, kwamfutar mai huci kamar injin niƙa. Haƙƙinka daidai yake da nawa.

Amma ka tuna me muka yi shi a kai. Mai wasa ya sauka rami da fitila a goshi, ya fito da mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya cire lambarsa ta ƙarfe daga allo, yadda muke yi: in za ka sauka ka rataya, in ka fito ka cire, shef, shugaban aiki, ya cire tasa a ƙarshe. Muryar da ke kiran sunayen kuwa ta shef ɗinmu ce, Baba Ghissa. Muktari, Baba yana kwance. Na kai masa wasan a wayata, ya ji muryarsa ya yi dariya har ya gaji, sannan ya tambaye ni ko sauran sun ji. Na ce sai baɗi. Ya miƙo mini wayar.

Ka gaida gida.

Naka,
Zayyadu

Akokan, tsakiyar Sha'aban

Aminina Muktari,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, saƙonka na murya ya iso, da faɗan da ke cikinsa. Ka ce in tura wa mutanenmu kaɗai, su riƙe amana. Yamai ta sa ka manta garin nan ke nan. Abin da ya shiga waya ɗaya da hantsi, kafin la'asar yana wayar kowane ɗan kabu-kabu. Ko dai a sake shi, ko a kulle shi.

Layinmu yanzu ni kaɗai ne mai kunna fitila. Gidanku an cire masa ƙofa. Har yau ina farkawa lokacin da motar ma'aikata take yin oda, in zauna ina sauraro, babu ita. Shayi ma na daina dafawa, don ba ya daɗi mutum ɗaya.

Ka san ranar da aka rufe ramin ba a yi mana kiran ƙarshe ba, kowa ya kama hanyarsa a watse. Wannan ne ke cin Baba. Ƴan'uwansa za su tafi da shi garkarsu cikin duwatsu bayan salla, inda babu rezo, waya ba ta shiga, kuma yadda na ga jikinsa ban sa ran zai dawo ba. Kamfani yana iya jiran baɗi, shi ne ban sani ba. Ina tsoron rasa ka, ina tsoron rasa shi, kuma ba ni da wanda zan yi shawara da shi sai kai da nake saɓa wa.

Naka kullum,
Zayyadu

Akokan, bayan ƙaramar salla

Muktari,

Barka da shan ruwa, da fatan kun yi salla lafiya. Ba ka amsa takardata ba, ba ka ɗaga wayata, na kuma san dalili.

Na kai wasan wurin Mano, mai tura waƙoƙi a bakin kasuwar Arlit nan kusa da mu, na ce ya sa wa duk wanda ya kawo waya. Sunanka ne farko a fuskar wasan. Kamfanin ya rubuto cikin ladabi ya ce sun janye. Wannan hasarar da hannuna na jawo maka, ba zan ce ba ta da zafi ba.

Direbobi suka tafi da wasan a wayoyinsu. Cikin azumi wayar Baba ta fara kuka. Gaji ya kira daga Diffa, Isufu daga Maraɗi, wani ma daga Tamanrasset. Ba wanda ya fara da sallama, kowa amsa sunansa yake fara yi kamar a bakin rami. Baba yana riƙe da wayar da hannu biyu, rawaninsa ya jiƙe.

Shi ma ya nace sai da ya kai ƙarshen wasan da yatsunsa da suka ƙage. Ranar da za su tafi ya aiko a kira ni, ya nuna mini allon ƙarshe. Kowa ya cire lambarsa, saura ɗaya. Tawa ce. Na gwada wasan nan sau ba adadi, ban taɓa lura ba: na rataya lambata tare da ta kowa, na manta in sa hanyar da zan fito. Da kamfani ne da sun gano sun gyara. Yanzu yana wayoyin mutane haka nan, ba mai iya gyara shi.

Na ba shi haƙuri. Ya ce ba kuskure ba ne, gaskiya ce, kowa ya fito sai ni. Ya ce shi shef ne, kuma bai taɓa tafiya gida ya bar mutum a ƙasa ba, don haka ba zai hau motar ba sai na yi alkawarin barin Akokan. Na yi masa.

Na ɗaure ordinatar a cikin bargo. Ban san gidan kowa a Yamai ba sai naka. Motarmu za ta iso ranar Laraba, zan zauna a tasha. In ba ka zo ba, ba zan ga laifinka ba.

Ka gaida Zakiyya, ka shafa mini kan yara.

Naka har yanzu,
Zayyadu